Jakin da Ya Daina Gane Hannu

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Kaura Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Gado bebe da baƙin jakinsa, Duna. Gado mutumin Ɗan Isa ne. Sanƙarau ya toshe masa kunne tun yana ɗan shekara uku, 'yar maganar da ya fara koya ta bi kunnen ta tafi, ya tashi yana zance da hannu. Sana'arsa dako da amalanke, ya kwashi buhunan gero da dawa daga rumfunan dillalai ya kai inda manyan motoci ke lodi.

Sauran masu amalanke a bayan jakunansu suke tafiya, da sanda da tsawa. Gado shi a gaba yake, jakin na biye da shi, ba igiya ba bulala. In ya ɗaga tafin hannu, Duna ya tsaya cak. In ya dunƙule hannun ya kaɗa, ya taho. In ya nuna ƙasa da yatsa biyu, jakin ya yi ta ja da baya har gindin amalanke ya kai inda ake so. Shekara biyu ya yi yana koya masa wannan a bayan gida, da dusa cike da aljihu. Baƙi daga Shinkafi da Zurmi kan ajiye cinikinsu su tsaya kallo, shi kuwa ya yi kamar bai gan su ba. Sai da yamma zai ba matarsa Larai labari, har da kwaikwayon yadda suka saki baki.

Larai 'yar ƙanen ubansa ce, gida ɗaya suka tashi, ta iya maganar hannunsa tun kafin ta iya daka. 'Yarsu Kulsumu tana aure a Birnin Tsaba. Ɗansu Sirajo ya bi samari Gusau yana kabu-kabu tun da garin ya zama hedkwatar jiha. Gida ya rage su biyu sai jaki.

Cikin ranin shekarar da shari'a ta fara aiki, wata rana kafin la'asar, Larai tana tankaɗe ta ji ƙugin mota a ƙofar gida. Ta leƙo zaure ta ga maƙwabcinsu Sabo, shi ma mai amalanke, rigarsa duk jini.

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Larai. Gado lahiya shi ke. Jakin na."

A tsaye ya ba ta labari, mutane huɗu na sauko da Duna daga bayan a-kori-kura. Gado ya kawo kaya bayan wata babbar mota, ya ɗaga hannu, jakin ya tsaya. Sarƙar da ke riƙe da ƙofar bayan motar ta tsinke.

"Kowa ya yi kuwwa. Ni kaina na yi har muryata ta dishe. To wa za shi ji? Jakin kau ya ji, na ga ya kaɗa kunne. Amma hannun Gado na sama, bai gusa ba. Ƙohwar nan ta sauka mai ga ƙeya."

Kwana huɗu Duna yana kwance a gindin darbejiya, jini na tsattsafowa ta hanci. Gado bai je ko'ina ba sai masallaci. Yana ɗiga masa ruwa a baki da ludayi, yana kore masa ƙuda. Rana ta biyar jakin ya miƙe yana tangaɗi, ya sa baki a harawa. Bayan mako uku raunin ya rufe, ya bar wata 'yar lotsawa a bayan kunnuwa. Mutane suka yi ta shigowa barka.

Ran da Gado ya ga jakin ya murmure, ya kwance shi daga turke, ya ja baya taku goma, ya dunƙule hannu ya kaɗa. Duna bai motsa ba. Ya sake. Jakin ya sunkuya yana sansanar ƙasa. Can da ya ga dama ya taho, Gado ya yi maza ya ɗaga tafin hannu. Duna ya zo daf da shi, ya ɗan karkace, ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye turmi a tsakar gida, ya wuce.

Larai tana bakin murhu ta ga hannun mijinta ya daɗe a sama kafin ya sauko.

Haka aka yi ta yi har mako biyu. Aka ce jakin ya makance. Sabo ya kaɗa masa tsumma a fuska, ya ƙifta ido ya kau da kai. Aka gicciya masa taɓarya, ya tsallake. Bakin rijiya ma kauce masa yake yi. Masu cewa makanta suka koma cewa taurin kai. Wata tsohuwa ta ce iska ce ta shige shi ta wurin raunin, aka yi masa hayaƙi har Larai ta yini tana tari. Duna dai yana nan, yana ci yana sha, idanunsa garau, amma in Gado ya tsaya gabansa yana magana da hannu sai ka ce ganyen bishiya ke kaɗawa.

Wata safiya Gado ya ture kokon kunu, ya ce mata da hannu, "Yana gani. Fushi yake yi da ni."

Ta amsa masa da hannu, "Jaki ne. Jaki ba ya riƙo."

"Ni na tsayar da shi a wurin. Ya yi abin da na ce, aka fasa masa kai. Yanzu ya ƙi hannuna."

Ta yi ta ba shi baki, bai saurara ba. Washegari ta yafa mayafi ta fita neman malamin dabbobi a Kaura. 'Yan kabu-kabu uku suka wuce ta a bakin titi, kowa ya girgiza kai, don tun da aka hana su ɗaukar mata ba wanda ke son tsautsayi. Sai da rana ta take sannan ta samu mota.

Malamin saurayi ne, ɗan Zurmi, sunansa Mahmuda, bai daɗe da gama makaranta ba. Ya zo bayan kwana biyu a kan babur. Ya ja Duna cikin duhun zaure, ya haska masa tocila a ido, ya kashe, ya sake haskawa. Ya shafa lotsawar nan ta ƙeya ya daɗe. Ya sa Gado ya tsaya gefe ba motsi, Sabo ma ya tsaya gefe, aka saki jakin. Duna bai nufi kowa ba sai da iska ta kawo masa warin rigar Gado, sannan ya miƙa wuya.

Mahmuda ya ce, "Inna, idonai lahiya lau."

"To mi ad damuwarshi?"

"Ido ƙohwa ta kawai. Abin da ya shiga ta ƙohwar, can bayan kai aka karɓarshi a ce wanga hannu na, wagga ƙwarya ta, wanga maigidana na. Wurin nan ne ƙarfe ya taɓa. Shina ganin haske da duhu, shina ganin abu in ya motsa, shina kauce ma rami. Amma bai san mi ya gani ba."

Gado ya taɓa kafaɗarta, yana jiran fassara. Larai ta ɗaga hannu ta rasa ta inda za ta fara. Shekara arba'in suna zance, suna da alamar ruwa, da ta yunwa, da ta mutuwa, da ta kowane mutum a Ɗan Isa, amma ba su da alamar wannan. Ta nuna ido, ta ce lafiya. Ta nuna ƙeya, ta ce ya lalace.

Ya tambaya, "Ya haukace?"

"A'a."

"Ya makance?"

"A'a. Yana gani, bai gane ba."

"In yana gani, ya gane. Ni da ido kaɗai nake gane komai."

Ta juya ga malamin ranta a ɓace. "Za shi warke?"

"Wallahi ban sani ba, Inna. A makaranta an karanta muna an gwada irin wanga ga ɓeraye da birai. Waɗansu sun sake koyon kaɗan, waɗansu ba su koya ba. Jaki kam ban taɓa jin wanda ya gwada ba. In kun yarda mu gwada."

Ya sa ta kawo kwano biyu iri ɗaya da faifai biyu. Ɗaya faifan aka shafe shi da farar ƙasa, ɗayan da baƙin gindin tukunya. Za a zuba dusa a kwano ɗaya a rufe da farin faifai, ɗayan a bar shi wayam a rufe da baƙi. Ya ce a goga dusa a bakin kowane kwano don kada hanci ya yi wa ido aiki, kuma a riƙa sauya musu wuri, yanzu fari a dama, anjima a hagu. Ya ba Larai aiki: in jakin ya dace ta jefa tsakuwa a wannan ƙoƙo, in ya kuskure ta jefa a wancan.

Don a ga bambanci aka fara da jakin Sabo, wani malalaci da ba wanda ya taɓa yabonsa. Kwana uku ya gane, yana hango farin faifai zai nufe shi kai tsaye. Sabo ya yi ta dariya yana cewa ashe malami gare shi a gida bai sani ba. Gado bai yi dariya ba.

Duna kuwa dama kawai ya sani. Ko me aka ajiye a dama, can zai je. Da aka hana shi, ya koma hagu ya liƙe. Safe da yamma, sau ashirin ashirin, Gado na durƙushe yana sauya kwanoni, Larai na jefa tsakuwa. In an juye ƙoƙunan da yamma sai a ga kusan kai ɗaya. Dusar da aka tanada don damina ta yi rabi. Sau biyu Gado ya yi jifa da faifai har bayan katanga, sau biyu ya je ya ɗauko ya sake shafa masa farar ƙasa.

Rana ta goma sha tara jakin ya tsaya tsakanin kwanonin ya daɗe, yana juya kai a hankali kamar mai auna nauyin abu, sannan ya ture farin. Aka sauya, ya sake ture farin. Ran nan ƙoƙo ɗaya ya cika, ɗayan tsakuwa uku kacal. Gado ya rungume wuyan jakin, yana wannan sautin nasa na maƙogwaro da ba ya fitowa sai ya ji daɗi ƙwarai.

Mahmuda ya zo ya gani da idonsa, shi ma ya yi murna, amma ya ce saura mai wuyar. Ya shafe faifan biyu da fari, ya zana buɗaɗɗen hannu da gawayi a kan ɗaya, a kan ɗayan ya zana dunƙulallen hannu, ya cike shi yadda baƙin zai zo daidai.

Wata guda cur aka yi a kan wannan. Ba abin da ya sauya. Aka ƙara girman zanen, aka kawo kwanonin kusa, aka gwada da sanyin safiya, aka gwada da rana tsaka. Tsakuwa dai rabi nan rabi can. Larai ta kai inda ko ganin faifan ba ta son yi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda jakin ke ƙoƙari. Zai tsaya ya zuba wa zanen ido har kunnuwansa su miƙe, sannan ya zaɓa, kuma ko ita daga nesa ta san canki-canka kawai ya yi.

A cikin watan nan ne ta gano wani abu, ta ɓoye.

Ita mace ce mai magana da duk abin da ke gabanta, kaji ne ko tukunya, don gidan ba wanda za ta yi wa da baki. Wata rana Gado na gona yana sharar kara, ta kawo wa jakin ruwa, ya matso zai ture bokitin, ta daka masa tsawa, "Kai, tsaya!" Ya tsaya. Ta ɗauka dace ne. Kashegari ta gwada da gangan, da 'yar dusa a hannu. Kafin mako ya zagayo Duna ya san "tsaya", ya san "taho", har "baya" ya fara kamawa. Abin da faifai ya kasa cikin wata, baki ya yi shi cikin kwana shida.

Ta so ta faɗa. Sau uku tana ɗaga hannu za ta fara, sai ta dubi mutumin nan durƙushe gaban kwanoni, wanda duk duniya ba abin da ya mallaka da ya fi na masu kunne sai jakin nan, ta mayar da hannun cikin zane.

Shi kuwa Gado haƙurinsa ya ƙare. Gajimare ya fara haɗuwa a gabas, masu hatsi na ta fitar da na rumbu kafin hanya ta lalace, aiki ya yi yawa a kasuwa shi yana gida. Ya ce tunda fari jakin ya sani, da fari za su yi magana. Ya ɗaura farin ƙyalle a kan kara. In ya ɗaga, Duna ya biyo. In ya ɓoye cikin riga, ya tsaya. A tsakar gida abin ya yi kyau, a kan hanyar gona ma haka. Mahmuda ya ce a ƙara jira. Gado ya ce malamin bai taɓa jan amalanke ba.

Ranar Juma'a ya zaɓa ya koma. Hankalin Larai bai kwanta ba, ta ce za ta kai daddawa wurin wata ƙawarta mai rumfa a bakin kasuwa, ta bi su.

Sawu biyu na farko lafiya lau. Masu rumfuna na ɗaga masa hannu, yana amsawa da kai. A sawu na uku, da buhu shida a kan amalanke, aka sauko daga masallaci. Shekarar nan masallaci cika yake yi har titi, kuma kusan kowa da fararen kaya. Jama'a suka kwararo ta bakin kasuwa. Gado ya cusa ƙyallen cikin riga don jakin ya tsaya su wuce.

Duna bai tsaya ba. Wani dattijo mai farar babbar riga ya gifta ta dama, jakin ya bi shi. Wani ya gifta ta hagu, ya juya ya bi wannan. Amalanken ya yi wani irin lilo, gindinsa ya kwashe teburin mai mangwaro. Mutane suka watse suna salati, farare ta ko'ina suna gudu, jakin ya ruɗe ya ƙara sauri. Gado ya sha gabansa yana kaɗa ƙyalle, ya yar da ƙyallen ya ɗaga hannu biyu, jakin ya kewaye shi. Buhu ɗaya ya zame ya danne ƙafar wani mutum. Gaba kaɗan mata ne zaune a ƙasa da ƙoren nono.

Larai ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Duna! Tsaya!"

Muryarta ta ratsa kasuwar. Jakin ya ja birki har amalanken ya tura shi taku ɗaya, ya tsaya, kunnuwansa biyu sun juya wajenta. Kawunan jama'a ma duk suka juya, wasu na mamaki, wasu na haɗe rai don mace ta ɗaga murya a tsakiyar maza. Gado bai ji komai ba. Ya dai ga kunnuwan jakinsa, ya bi inda suka nuna da ido, ya tarar da matarsa tsaye bakinta a buɗe.

Ƙafar mutumin targaɗe ne, ba karaya ba. Shugaban masu amalanke ya ce wa Sabo ya gaya wa Gado, cikin mutunci, kada ya sake kawo jakin nan kasuwa.

Shirun bebe ba irin na kowa ba ne. In Gado ya juya wa mutum ƙeya, shi ke nan, ba ta inda magana za ta shiga. Kwana uku Larai na zagayowa gabansa yana kau da fuska. Ta ajiye tuwo, ya ci yana kallon bango. Rana ta huɗu shi ya fara, hannuwansa na sara iska.

"Tun yaushe?"

"Wata guda."

"Kina kallona ina durƙuso gaban kwano, kin sani, kika yi shiru."

"Na ji tsoron ranka zai ɓaci."

"Yanzu bai ɓaci ba? A gaban kasuwa duka?" Ya nuna jakin. "Shi yana da kunne. Ke kina da baki. Ni mene ne a tsakaninku? Ranar Alhamis zan sa shi a mota in kai shi Shinkafi."

Ta san masu sayen irin wannan jaki a Shinkafi, ta san kudu suke lodinsu, ta kuma san yanka su ake yi a can.

Ta ce, "In bi ka wurin aiki. Kai ka yi lodi, ni in yi masa magana."

"A ce Gado ya fito da matarsa tana jan jaki? Ki bari."

Ya sake juya ƙeya. Ta tsaya da sauran magana cike da hannu, ba inda za ta zuba ta. Ta shiga ɗaki ta yi ta faɗa da baki, da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi ba, tunda ko ta rushe ɗakin ba zai sani ba.

Da Mahmuda ya zo jaje, a kansa ta sauke sauran.

"Wata biyu kana sa mu wasa da faifai. Ba ka taɓa cewa a gwada kunne ba."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarki, Inna. Na ga maigidan ba ya magana, sai tunanina dut ya tsaya ga ido. Wurin ji daban shi ke da wurin gani, ƙarfen bai kai can ba. Ya kamata in hwaɗa tun ranar hwarko."

"To yanzu ka hwaɗa, an kore mu daga kasuwa."

Bayan ya tafi ta zauna tana tunani. Ba magana jakin ke ji ba, sauti yake ji. Ta tashi ta buɗe tsohon akwatin Sirajo, ta tono har ƙasa, ta samo usur ɗin da yake busawa lokacin da yake alƙalancin ƙwallon unguwa. Ta ajiye shi a kan tabarmar Gado. Ya gani, ya ture shi gefe da ƙafa. Talata ta wuce, usur na nan inda yake. Laraba da yamma ta dawo daga rijiya ta ji wata irin ƙara da ta sa kaji suka tashi sama. Gado ne a gindin darbejiya, kumatu a kumbure, jakin ya ja igiya har tana neman tsinkewa.

Ta ajiye tulu ta ce masa, "Ya yi ƙarfi. Rage."

Ya harare ta, amma ya rage. Alhamis ta zo ta wuce ba a nemi mota ba.

Suka tsara: dogon busa ɗaya, tsaya. Gajeru biyu, taho. Gajeru uku, baya. Duna ya kama cikin kwana tara. Gado ne ya daɗe. Bai san bambancin dogo da gajere a kunne ba, sai dai a numfashi. Wani lokaci biyunsa su manne su zama ɗaya, jakin ya tsaya alhali ana so ya taho. Larai ke tsayawa inda zai gan ta tana gyara masa kamar mai koya wa yaro karatu, shi kuwa ya tsani hakan, kuma bai ɓoye ba. Kasuwa dai ta haramta, ko da an yafe masa, don can 'yan agaji da 'yan kamasho kowa da nasa usur. Ya koma kai taki gonakin mutane da ɗebo ƙasar gini, aikin da a da yake bar wa masu ragwayen jakuna.

Ruwan shuka ya sauka wani daren Litinin. Da safe Gado ya yi lodin taki ya fita, usur ɗin da ke rataye a wuyansa tun jiya ya sha ruwa da laka. Larai na dama kunu, ta saba jin busa biyu in sun karya kwanar gidan Sabo. Ba ta ji ba. Abin da ta ji shi ne tim, tim, kamar ana bugun buhu.

Ta fito da muciya a hannu. Can gaba, inda ruwan jiya ya zaizaye gefen hanya ya yi kwazazzabo, ƙafar amalanke ɗaya ta kusa faɗawa. Gado ya riƙe jakin ta baki da hannu ɗaya, ɗaya hannun da reshen da ya karyo yana zuba masa a haƙarƙari. Usur na bakinsa, kumatunsa sun kumbura, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana busawa iya ƙarfinsa. Ba abin da ke fita sai huci.

Shekara bakwai yana tare da jakin nan bai taɓa ɗaga masa sanda ba.

Ta ruga, zane na harɗe ta, ta riƙe reshen. Ya fizge. Ta sake riƙewa, ta zare usur ɗin daga bakinsa. Hannuwansa suka fara zuba, "Ya sake mantawa! Na busa, na busa, ya ƙi! Wannan ma ya tafi!"

"Bai manta ba. Ba ya kuka. Abin nan ba ya kuka."

Ta juya usur ɗin ta nuna masa. Laka ta shiga ta ramin, ɗan ƙwallon da ke ciki ya jiƙe ya manne a gefe. Gado ya karɓa ya duba, ya dubi sawun reshe a jikin jakin, layi layi cikin baƙin gashi. Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Larai ta karyi tsinke ta sakace ramin, ta buga usur ɗin a tafin hannu har ƙwallon ya saki, ta goge da bakin mayafi. Ta yi gajeru uku. Duna, yana huci yana rawar fata, ya ja da baya a hankali har ƙafar amalanken ta hau tudu.

Ta durƙusa gaban mijinta, ta kama ɗan yatsansa ta ɗora a jikin usur ɗin, ta busa. Ya zabura kaɗan. Ta toshe ramin da babban yatsa ta sake busawa, ƙwallon bai motsa ba. Ta saki ta busa, ya sake jin kakkarwar a yatsansa.

"In yana rawa, yana kuka. In ba ya rawa, kada ka dake shi."

Ya karɓa ya gwada da kansa, sau ɗaya, sau biyu, yatsa a jiki. Bai ce ta kyauta ba. Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya miƙa hannu zai shafa wuyan jakin. Duna ya ji warinsa ya kau da kai, ya matsa gefe iya inda itacen amalanke ya bar shi. Gado ya sa usur a baki, ya ɗora yatsa, ya yi gajeru biyu. Sai da ya maimaita kafin jakin ya ɗaga ƙafa.

Ta bi su da kallo har suka shige tsakanin gonaki, mutum a gefe, jaki na ɗan nesanta da shi. Masu shuka sun cika ko'ina, kowa da sungumi. Ta tsinci muciyarta a cikin laka ta koma gida, ta tarar kunun ya yi gudaji, akuya kuma ta sa kai a ƙwaryar gasara.